Wayar Gwajin Yulieth

Litinin, 6 ga Oktoba, ƙarfe 7:10 na safe

Yulieth ba ta karya ba. Na gasa mata arepa biyu, wainar masarar nan da take so, na zuba ruwan mazarƙwaila mai zafi, suna nan kan tebur har sun huce. Mace mai shekara ashirin da bakwai ta ƙi abincin uwarta saboda wai direbobi suna mata dariya. Na ce mata dariya ba ta taɓa kashe kowa ba, yunwa kuwa ta kashe. Ta ɗauki kwamfutarta ta koma falo.

Falon ma ai ba nawa ba ne yanzu. Wata bakwai ke nan ita da wannan yaron Duván, mai zanen jiki har wuya, sun mayar min da shi ofis, suna haɗa manhajar waya domin ƙungiyar direbobin jif, inda marigayi mijina Arcesio ya yi shekara ashirin da shida yana tuƙi. Wai mutanen ƙauyukan kan tudu su riƙa ganin lokacin tashin mota, su kama kujera tun daga gida. Ranar 25 ga wata ƙungiya za ta zauna ta ce e ko a'a. In ta ce a'a, Yulieth za ta karɓi aikin da ake mata tayi a Madrid, inda wanta Wilmar ya tafi ya manta yana da uwa. Tun watan Maris ta gaya min haka, a tsaye, kamar mai karanta sanarwa.

Yanzu ga wani bidiyo yana yawo a guruf ɗin direbobi tun jiya da yamma.

Jiya na je coci, na sha kofi a zauren coci kamar kowace Lahadi, na dawo gida. Abin da ya faru jiya ke nan.

Talata, 7 ga Oktoba, ƙarfe 3:00 na yamma

Ta nuna min bidiyon. Fuskar waya ce kawai, da wani babban yatsa yana dannawa, yana sake dannawa, ɗan zobe yana ta juyawa a tsakiya, taswira ta ƙi fitowa. Kusan minti guda. Wani ɗan iska ya ɗora waƙar mashaya a kai, don haka ba a jin muryar kowa. Wannan kam an gode Allah. Sun riga sun raɗa wa manhajar suna Alfadari.

Wadda ta ɗauki wannan hoto ba ta da tarbiyya. Ko wanda ya ɗauka, ni ban sani ba.

Yulieth ta ɗora yatsa a kan wani jan ƙyalle da ke kusurwar fuskar wayar. Ta ce wannan ne alamar sigar gwaji, wadda suke neman kurakurai a cikinta. Wai tana tafiya ne da mai gadi a bayanta, duk takun da ta yi sai an tsaya an rubuta, domin in ta faɗi su san inda ta yi tuntuɓe. Dole ta yi nauyi. Ba a nuna wa kowa ita, kuma a waya ɗaya tak take, wayar gwajinsu da ke kwana a aljihun teburin falo.

To in abu yana da haɗari haka, a rubuta a jikinsa da manyan baƙaƙe mana. An je an saka wata 'yar kalmar Turanci a kusurwa, ƙarama kamar ƙwayar shinkafa. Na yi sakandare, na ci jarrabawata, amma wa yake duba kusurwa?

Alhamis, 9 ga Oktoba, ƙarfe 5:30 na yamma

Yulieth da Duván sun yi faɗa. Ina kicin ina yanka albasa, ƙofa kuma ba ni na bar ta a buɗe ba.

Ta ce shi kaɗai ya taɓa fita da wayar gwaji daga gidan nan, kuma kowa ya san ɗan kawunsa direba ne. Ya ce tun watan Agusta rabon da ya ɗauke ta. Ta ce to aljanu ne suka ɗauka? Ya ce ta yi tunani da kyau kafin ta sake maimaitawa. Ta maimaita. Ya naɗe igiyoyinsa, ya saka kwamfutarsa a jaka, ya leƙo kicin ya ce, “A tashi lafiya, Doña Herminia.” Ya tsaya yana kallona kamar yana jiran canji.

Tun ranar farko na ce yaron da ba ya zuwa coci, yana shan taba a bakin ƙofar mutane, ba abokin sana'a ba ne. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau hasumiyar babban coci ba zai hango ba.

Albasar nan ta yi yaji da yawa.

Juma'a, 10 ga Oktoba, ƙarfe 6:00 na safe

Ruwa tun jiya. Ban yi barcin kirki ba. Gwiwa ce.

Lahadi, 12 ga Oktoba, ƙarfe 1:20 na rana

Nubia. Ko sunanta na rubuta sai in ji alƙalami ya yi ɗaci.

Ina shiga zauren coci ta ɗaga kofinta ta ce, “Doña Herminia, yau ba a zo mana da sinima ba?” Matan suka sunkuyar da kai suna dariya cikin kofi. Na ce mata wanda ya fito daga karɓar jikin Ubangiji ya kamata ya bar harshensa ya huta ko da awa guda. Ta ce ita fa mijinta kaɗai ta tura wa bidiyon, don ya ga ci gaba. Mijin nata Don Gildardo shi ne shugaban ƙungiyar. Ci gaba.

Shekara uku matar nan tana cika mana kunne da ɗanta mai cire haƙori a Pereira. Ya saya mata injin wanki, ya kai ta bakin teku. Kowace Lahadi kuma sai ta juyo ta ce, ita kuma taki har yanzu tana wasa da waya a falo? Shekara uku. Ko dutse ne ya ji. Duk uwar da ta ce ba za ta so ta rufe bakin irin wannan mata ba, maƙaryaciya ce.

Ba zan ƙara cewa komai a kan wannan ba.

Laraba, 15 ga Oktoba, ƙarfe 4:45 na yamma

An ba ni aiki. Don Gildardo ya aiko da tsohuwar wayarsa mai tsagaggen gilashi, ya ce in abin bai yi gudu a kanta ba kada ma a zo taro, domin irinta ce a aljihun direbobi. Yulieth ta jona ta da kwamfuta, ta miƙo min agogon dafa ƙwai, ta ce in danna in ta ce “yanzu”, in sake dannawa in taswira ta fito.

Daƙiƙa goma sha huɗu. Ta gano hotunan motocin sun yi nauyi, ta rage su. Sha ɗaya. Ta gano taswirar tana sake zana kanta duk lokacin da aka taɓa ta, ta yini tana gyara wannan. Tara. Daga nan ya ƙi sauka. Tara, tara, goma, tara.

Ina tsaye a bayanta na ce ta gyara zamanta, kuma ta ɗaure gashin nan. Na ce ko ta duba wancan jan rubutun da ya wuce. Ba ta juyo ba ta ce, “Mama, kin tuna da nake koyon arepa, kina tsaye a kaina, kowacce na juya sai ta ƙone? To haka manhajar nan take ji. Ni ma haka nake ji.”

Na ajiye mata agogonta. Ba don tsayuwar da na yi a kanta ba, da yanzu ko ruwa ba ta iya tafasawa. 'Ya'yan zamani suna so a haife su, a raine su, sannan a juya musu baya don kada su ji nauyi.

Alhamis, 16 ga Oktoba, ƙarfe 11:00 na safe

Na tambaye ta, tunda mai gadin ne yake jawo nauyi, me ya hana ta sallame shi ta fitar da ta gaskiyar? Ta ce ta gwada. Kammalalliyar siga sai an buga mata hatimi da wani makulli, in ba haka ba taswira ba za ta buɗe ba, fari fat za a gani. Makullin da asusun taswirar duk da sunan Duván suke, domin haka suka raba aiki tun farko, ita gini, shi fitarwa. Saboda haka ba ta ma san ko tara ɗin nan nauyin gwaji ne ko kuma aikinta ne ya lalace ba. Tana auna buhu ne da mutum zaune a kansa.

Na ce ta kira shi mana. Ta ce ba za ta roƙi wanda ya tozarta ta a gaban abokan ubanta ba.

Taurin kai. Ban san inda ta gado shi ba. Arcesio mutum ne mai sauƙi.

Asabar, 18 ga Oktoba, ƙarfe 9:30 na safe

Ta sauko da babban akwati daga kan kabad. Wai tana so ya sha iska. Mutanen Madrid suna jiran amsa ranar 27.

Asabar, ƙarfe 2:00 na rana

Tara.

Lahadi, 19 ga Oktoba, ƙarfe 12:40 na rana

Na je furta zunubi. Na gaya wa Fada Everardo ina riƙe da wata mata a zuciya, kuma na yi mata fatan haƙoranta su zube, ɗan nata ya rasa abin cirewa. Ya ce sai me? Na ce na yi fushi da 'yata. Ya ce sai me? Na ce shi ke nan. Ya yi gyaran murya ya ce shi ma yana zauren ranar, yana kusa da tulun kofi.

Sai na faɗa. Ba zan rubuta ba, na faɗa wa wanda ya kamata.

Na ɗauka zai ba ni addu'a goma in yi in huta. Sai ya ce ba shi da addu'ar da zai ba ni, domin wanda na ɗora wa kaya yana da gida, gidan kuma yana da ƙofa. Har da cewa laifi tudu ne, mutum ya taka nasa ya hango na wani. A garinmu Manizales, da ke kan tuddai, zai koya min tudu? Yaron da na girme wa uwarsa. Limaman da ake yayewa yanzu ba su san ladabi ba.

Ban shiga zaure shan kofi ba.

Litinin, 20 ga Oktoba, ƙarfe 6:30 na yamma

Ta saka rigunan sanyi a akwatin. Iska suke sha su ma, ina tsammani.

Talata, 21 ga Oktoba, ƙarfe 5:15 na yamma

Matakala ɗari da goma sha biyu daga inda bas ta sauke ni zuwa ƙofarsa. Na ƙirga, domin in na daina ƙirgawa komawa zan yi. Na tafi da arepa shida a cikin tsumma, ba a zuwa gidan mutane hannu sake.

Kakarsa ce ta buɗe, tsohuwa a keken guragu. Ashe shi yake mata wanka, shi yake dafa mata. Ba wanda ya gaya min. Ɗakin kuma a share yake, gaskiya ɗaya ce.

Na zauna na fara da cewa taba za ta kashe shi. Ya ce haka ne. Na ce matasa suna da saurin fushi, bai kamata ya fita daga gidan da aka ciyar da shi wata bakwai saboda magana ɗaya ba. Ya ce haka ne. Na ce wayar nan ta gwaji, akwai yiwuwar wani ya ɗauke ta da kyakkyawar niyya.

Ya ce, “Doña Herminia, wata bakwai wannan yatsan yana miƙo min kofi. Da tabon kasko a gefen farce. Tun kallon farko na gane shi.”

Na ce to me ya sa bai faɗa ba, ya bari ana ce masa maci amana?

Ya ce, “In na faɗa, ni zan wanke, ita kuma ta rasa uwa a makon da ta fi bukatarta. Na ce bari in ba ki kwana biyu. Ban san za ki ɗauki sha biyu ba.”

Kakar ta ƙyalƙyale da dariya, bakinta cike da arepata.

Ya ce makulli ba matsala ba ne, amma ba zai taka falona ba sai Yulieth ta ji daga bakina. Yaro ƙarami yana kafa min sharaɗi. Saukowa ta fi hawa wuya.

Laraba, 22 ga Oktoba, ƙarfe 10:20 na safe

Na gaya mata.

Tana jona wayar Don Gildardo na tsaya a gabanta, ba a bayanta ba. Na ce ni na ɗauki wayar gwaji ranar Lahadin nan, na saka a jakar coci, na fito da ita a gaban Nubia don ta ga 'yata ba wasa take yi ba, ita kuma ta ɗauki bidiyo. Na ce na mayar da ita aljihun tebur kafin ta tashi daga barcin rana.

Na shirya wa ihu. Na ma tanadi amsoshi. Ba ta yi ihu ba. Ta zare igiyar a hankali, ta naɗe ta a yatsu, ta ce, “Kwana goma sha bakwai, Mama. Kina riƙe min agogo.”

Na ce don ita na yi. Ta ce a'a, don Nubia na yi.

Ta ɗauki laima ta fita. Ko rigar sanyi ba ta saka ba, alhali ta san ƙirjinta.

Alhamis, 23 ga Oktoba, ƙarfe 4:00 na yamma

Sun dawo tare. Ya gaishe ni, ita ba ta gaishe ni ba. Sun rufe ƙofar falo, a gidana.

Wajen ƙarfe uku na ji Duván ya buga tebur, ita kuma ta yi wata irin dariya mai kama da kuka. Na kai musu kofi. Wayar Don Gildardo tana kan tebur, babu jan ƙyalle a kusurwa. Duván ya ce in danna. Na danna, kafin in ɗaga yatsa taswira ta fito, ga motoci, ga kujeru. Ya ce ko daƙiƙa biyu ba ta kai ba, kuma rabin wannan gudun gyaran da Yulieth ta yi ne a makonnin nan, domin ko da an sallami mai gadi hotunan nan da sun ja ta ƙasa.

Ashe tun tuni aikin yana da kyau. Mako biyu yarinya tana rama a kan abin da ba ya ciwo.

Ta karɓi kofin ba ta dube ni ba.

Asabar, 25 ga Oktoba, ƙarfe 2:30 na rana

An yi taron a rumfar da ke bayan kasuwa, inda motocin ke lodi. Ba a gayyace ni ba. Matar Arcesio Ocampo ba ta bukatar gayyata a wannan rumfa.

Muna shiga wani ya ce a kawo kujeru da abincin rana, za a kunna Alfadari. Wani ya ce shi bari ya kai lodi ƙauye ya dawo, ya san zai tarar ba ta buɗe ba.

Sai na miƙe. Na ce abin da suka kalla suna dariya ɗanyen aiki ne, ni na ɗauke shi daga kan wuta ba da sanin mai shi ba, yatsan da ke bidiyon ga shi nan, kowa ya duba. Na ce wanda ya ɗanɗani wake bayan minti goma ya ce da tauri, ba waken ne wawa ba. Na ce rabinsu Arcesio ne ya koya musu riƙe sitiyari a gangare, kuma ban ji ya ɗauki hotonsu ranar da suka saka mota a rami ba. Na kira sunaye uku. Na so in kai ga Nubia, Don Gildardo ya ce, “Ya isa, Doña, kafin ki tono kakanninmu. A kawo wayata.”

Ya danna da kansa. Ya rufe ya sake dannawa, yana zaton dabara ce. Ya miƙa wa na kusa da shi. Wayar ta zagaya rumfar, kowa yana goge hannu a wando kafin ya karɓa. Wani tsoho ya tambaya ko akwai wurin kama wa kaji kujera, Yulieth ta ce za ta saka.

Sun amince da gwajin wata uku a hanyoyi biyu. Sunan Alfadari kuma sun ce ya zauna, wai alfadari ne ya gina garin nan.

A hanyar dawowa Yulieth ta riƙe min laima.

Litinin, 27 ga Oktoba, ƙarfe 8:00 na safe

Ta rubuta wa Madrid ta ce ba za ta zo ba. Na shiga ɗaki na durƙusa.

Litinin, ƙarfe 12:30 na rana

Akwatin bai koma kan kabad ba. Ta kama ɗaki a unguwar Chipre tare da wata ƙawarta ma'aikaciyar jinya, can kuma za su riƙa aiki. Na ce mace mara aure ba ta barin gidan uwarta, mutane za su yi magana. Ta ce mutane sun riga sun yi magana, kuma na san wanda ya ba su abin faɗa. Na ce minti ashirin ne a bas, me ta tsere wa ke nan? Ta ce minti ashirin ɗin take bukata.

Ta ce za ta riƙa zuwa cin abinci kowace Lahadi ƙarfe goma sha biyu. Na ce ba wanda ya roƙe ta.

Juma'a, 31 ga Oktoba, ƙarfe 5:00 na yamma

Falona ya dawo. Na share, na mayar da kujeru inda suke. Ya yi girma da yawa.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, ƙarfe 11:45 na safe

Romon kaza da ayaba ya nuna. Na yi wa kaina ne, ya zo da yawa.

Ƙarfe 12:10

Rashin cika alkawari ba daga wurina ta koya ba.

Ƙarfe 12:35

Waya tana kan tebur. Ba zan kira ba. Na ɗaga labule sau biyu, na sake shi. Na koma kicin, inda ba a hango titi.

Ƙarfe 3:40 na yamma

Ɗaya saura kwata ta zo, da Duván, da kakarsa a kekenta, su biyu suka ɗago ta a matakala. Ba a gaya min za a zo da baƙi ba. Romon ya isa.

Gashinta a sake, ta zauna a karkace, ta ci kwano biyu. Ban ce komai ba.

To, na ce kaɗan.